Wasiƙa: Yadda ake gina jirgin ruwan yaƙi da takarda, a ɗauki misalin Aradu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata sana'ar hannu da ba ta samu shiga a wurinmu yadda ya kamata ba, wato gina ƙaramin jirgin ruwan yaƙi da takarda da kwali bisa ma'auni. Yaranmu sun daɗe suna ƙera mota da karan dawa da gwangwani da waya, saboda haka gwanintar hannu akwai ta. Abin da ya rage shi ne awo. Motar kara da ido ake ƙera ta, ko ta karkace ba wanda zai ce uffan. Jirgin ma'auni kuwa kowane sashe nasa da rula da lissafi ake fitar da shi daga jirgi na gaske, kuma mafi yawan masu farawa a nan suke faɗuwa: suna ɗokin igwa da fenti, alhali kyau ko munin aikin tun daga ƙashin da ba a gani ake yanke shi.

A Turai abin ya yi nisa. A Foland akwai mujallar Mały Modelarz da ta fara buga zanen sassa don a yanka a haɗa tun 1957, kuma masu buga irin wannan zane a can sun fi son ma'aunin 1:200 ga jiragen ruwa. A Jamus an fi sabawa da 1:250. Mu ma muna da jirgin da ya cancanci a gina shi, mai sunan Hausa ma: NNS Aradu, mai lamba F89. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hamburg, aka saka shi a ruwa a 1980, ya shiga aikin sojan ruwan Najeriya a 1982, kuma a 2005 ya je Ingila ya shiga jerin gwanon jiragen da aka yi don cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Tsawonsa mita 125.6 ne, faɗinsa mita 15.

Ga yadda lissafin yake. A ma'aunin 1:200, kowace mita ɗaya ta jirgin gaske tana zama milimita 5 a kan tebur. Ke nan Aradu zai fito da tsawon santimita 62.8 da faɗin santimita 7.5. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama milimita 8.5, shingen ƙarfen da ke gefen jirgi mai tsayin kamar mita ɗaya zai zama milimita 5. A 1:250 tsawon zai sauko zuwa santimita 50, a 1:400 kuwa santimita 31. A ganina 1:200 ya fi dacewa da mai koyo, domin lissafinsa ba wuya kuma ƙananan sassan yatsa na iya kama su. Sai dai a riƙe wannan a zuci: kuskuren milimita ɗaya a tebur daidai yake da santimita 20 a jirgin gaske. Kuma kada mai farawa ya ruɗu da manyan jiragen yaƙin duniya na biyu. Bismarck na Jamus mita 251 ne, ninki biyu na Aradu, zai cinye santimita 125 na tebur da sassa bila adadin, kuma irinsa ne ake farawa da zafi a bar shi a kan kabad ƙura ta rufe shi.

Kafin a taɓa reza ana bukatar zane iri uku: jirgin daga gefe, jirgin daga sama, da kuma zanen da ke nuna siffar cikinsa in da za a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar rake. Na ukun shi ne mai muhimmanci, don daga gare shi ake fitar da haƙarƙari. Hotuna kuma a tara su da yawa daga kowace kusurwa. Ajantina ta sayi jirage huɗu 'yan gida ɗaya da Aradu, ajin Almirante Brown, hotunansu na taimakawa wajen gane siffar jiki, amma a kula, makamansu da injinansu sun bambanta: su makami mai linzami na Exocet suke ɗauka, Aradu kuwa na Otomat. Wanda bai taɓa yi ba gara ya fara da ƙaramin jirgi wanda aka riga aka zana sassansa, ya san halin takarda, sannan ya zo kan wannan.

In za a buga zanen a inji, a tabbata an buga shi a girmansa na asali, ɗari bisa ɗari. Masu shagon buga takardu sun saba barin kwamfuta ta rage hoto ya shige shafi, kuma ragin kashi 4 cikin ɗari kawai zai cire santimita biyu da rabi daga tsawon jirgin. Mafi muni shi ne a rage wani shafi a bar wani, sai bene, wato rufin saman jirgin, ya ƙi hawa kan jiki. A zana layin santimita 10 a kusurwar kowane shafi, in an buga a ɗora rula a kai tun ba a bar shagon ba. A buga dukkan shafukan rana ɗaya, a inji ɗaya, da takarda daga ƙunshi ɗaya. Injin tawada launinsa na zuba in ruwa ya taɓa shi, injin hoda kuma launinsa na tsagewa a wurin lanƙwasa. Kowanne da aibinsa, sai a san wanda aka ɗauka.

Takarda kala uku ake bukata. Ta rubutu mai nauyin giram 80 don abubuwan da za a naɗe su siriri. Kati mai giram 160 zuwa 180, irin na katin gayyata mara sheƙi, mai kaurin kusan milimita 0.2, shi ne fatar jirgi da bangwayen sama. Sai kwali mai kaurin milimita ɗaya don ƙashi, irin wanda masu ɗaurin littafi ke amfani da shi. In ba a samu ba, a haɗa kwalin kayan shayi biyu a manne. Kwalin katan mai rami a ciki ba ya yi, bakinsa murƙushewa yake. Kayan aiki kuwa ba su da yawa: wuƙar yankan kwali ko reza da aka naɗe rabinta da salatif, rula ta ƙarfe, ƙaramin almakashi, hantsaki, tsinken sakace don shafa gam, bairo da tawadarsa ta ƙare, allura, sanfefa mai laushi, da gilashi ko katako wanda ba shi da ko ɗan doro.

Akwai wani abu game da takarda da ba kowa ya sani ba, kuma shi ne tushen rabin matsalolin. Takarda tana da jijiya. A masana'anta zaruruwanta suna kwantawa ne ta fuska ɗaya. Ka ɗauki shafi ka lanƙwasa shi a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi sauƙi. Layin lanƙwasar da ta fi sauƙi shi ne layin jijiya. Duk abin da za a naɗe kamar bututu, a sa tsawonsa ya bi jijiya, in ba haka ba maimakon ya zagaye sumul sai ya kakkarye ya yi kusurwoyi. Haka nan in takarda ta sha ruwa, ta fi kumbura ta gicciyen jijiya. Shi ya sa in za a manne kwali biyu don ƙashi, a gicciya jijiyoyinsu, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa, a danne su da littattafai masu nauyi kwana ɗaya cur kafin a yanka.

Wannan ya kawo mu maganar gam. Farin gam na kafintoci ruwa ne a cikinsa. Yana da kyau ga ƙananan sassa, yana bushewa ba tabo, amma in aka shafa shi a shafi mai faɗi sai takardar ta kumbura, in ta bushe ta motse ta ja abin da ke ƙarƙashinta. Don faɗi, a yi amfani da gam mara ruwa irin UHU, duk da yana jan zare kuma yana barin sheƙi in ya ɓullo. Ko wanne aka ɗauka, da bakin tsinke ake shafawa, siriri. In gam ya fito ta gefe, ya yi yawa. Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Da hunturu farin gam kan kama kafin ka daidaita sashen, don haka a gwada kowane sashe a wurinsa ba gam har sai ya zauna, sannan a shafa. Da damina kuwa kati yana shan raɓa ya yi laushi, abin da aka manne a lokacin kuma yakan motse in iska ta bushe. A riƙa ajiye shafukan da ba a yanka ba a cikin leda, a shimfiɗe.

Yanzu ga ƙashin, inda nake so a fi daɗewa. Mai koyo ya gina jirgin daga layin ruwa zuwa sama, kamar yana kan teku, ya bar ƙasan da farfela sai a karo na gaba. A yanka faranti na ƙasa mai siffar jirgin a layin ruwa. Tunda shafin A4 santimita 29.7 ne kawai, tsawon jirgin zai ci shafi uku. A ɗora farantin a kan gilashi, a kafe shi da ɗigon gam ƙanana a wurare shida ko takwas, yadda daga baya reza za ta iya shiga ta ɓamɓare shi. Zai zauna a nan har a gama rufe jiki. A ja layi miƙaƙƙe ta tsakiyarsa, a tsayar da ƙashin baya a kan layin, wato kwali mai siffar jirgin daga gefe. Kada mahaɗar ƙashin baya ta faɗo daidai kan mahaɗar faranti, a goce su da kamar santimita 5, don in suka haɗu wuri ɗaya nan jirgin zai karye.

Sai haƙarƙari, su ne ke gicciye ƙashin baya. A tsakiyar jirgi, inda jiki ya kusa miƙewa, tazarar santimita 3 ta isa. A goshi, inda siffa ke sauyawa da sauri, a matso da su zuwa santimita ɗaya da rabi. Za a ƙare da haƙarƙari ashirin da 'yan kai. Kowanne a yi masa tsaga daga ƙasa zuwa rabi, ƙashin baya kuma daga sama zuwa rabi, su shige juna. Faɗin tsagar ya zama daidai da kaurin kwalin. In ta matse aka tura da ƙarfi, kowace tsaga za ta buɗa ƙashin baya kaɗan, ashirin ɗinsu in sun taru sai jirgin ya yi doro kamar baka. In ta yi sako-sako, haƙarƙarin zai kwanta gefe. A sa kusurwar rula ko akwatin ashana a tabbatar kowanne ya tsaya cak kafin gam ya kama. Wani abin da ake mantawa: zanen jirgi yana nuna wajen fata ne, saboda haka a rage kaurin fatar daga bakin kowane haƙarƙari, in ba haka ba jirgin zai fi benensa faɗi.

In an ɗora bene a sama an danne shi ya kwana, sai a naɗe sanfefa a jikin katako mai tsawon tafin hannu a bi gefen haƙarƙarin gaba ɗaya. A goshi bakin kwalin sai an fere shi a karkace ya bi yadda fata za ta kwanta. Gwajin shi ne a ɗauki siririn kati a kwantar da shi a tsawon jiki: ya taɓa kowane haƙarƙari ba tare da ya yi tudu ko kwari ba. Wanda ya yi tudu a goge shi, wanda ya gaza a ƙara masa siririn kati. Wannan aiki yana iya cin yamma biyu, kuma ba wanda zai gan shi in an gama, amma duk abin da aka bari a nan fata za ta tona shi.

Babbar cutar jirgin takarda ita ce fata ta lotsa tsakanin haƙarƙari, jirgin ya fito kamar saniyar da ta sha rani, ana ƙirga ƙasusuwanta. Abu uku ke kawo ta: tazara mai yawa, gam mai ruwa da ke jan kati in ya bushe, da yatsan mai gini da ke dannawa a inda babu komai a baya. Maganinta fata biyu. Ta farko da kati mara launi, a yanka shi falle-falle daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, a goge mahaɗan da sanfefa, sannan a ɗora ta biyu mai launi da gam mara ruwa. Wasu suna cika tsakanin haƙarƙarin da farin soso na cikin katan ɗin talabijin su goge shi daidai. Yana yi, amma da farin gam kaɗai, don UHU da sufa gulu suna cinye shi. Kuma a riƙa rufewa dama da hagu bi da bi, falle ɗaya nan, takwaransa can. In aka gama gefe ɗaya tukuna, zai ja jirgin ya lanƙwashe kamar ayaba, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Takarda tana yarda ta lanƙwasa ta fuska ɗaya ne kawai a lokaci guda, goshin jirgi kuwa yana buɗewa sama yana kuma tsukewa gaba. Don haka a nan fallayen su zama ƙanana. Hanyar fitar da siffarsu mai sauƙi ce: a kwantar da takarda mai shara-shara a kan ƙashin, a bi bakin haƙarƙari da fensir, a yanka, a gwada, sannan a kwafa a kati. Kafin a manna, a ɗora fallen a kan tsumma mai laushi a murza bayansa da bayan cokali har ya ɗauki siffar da kansa. Sashen da sai an danne shi da ƙarfi kafin ya zauna, wata rana zai ɓalle. Wajen haɗa falle da falle kada a ɗora baki kan baki, don kaurin milimita 0.2 tudu ne na santimita 4 a jirgin gaske, ido kuma yana ganinsa. A haɗa su baki da baki, a sa siririyar takarda ta baya ta riƙe.

Gine-ginen sama sun fi sauƙi, akwatuna ne. A bi layin lanƙwasa da busasshen bairo da rula kafin a lanƙwasa, a kuma sa kwali a cikin duk bangon da ya wuce santimita 2 don kada ya lotsa. Bakin kati inda aka yanka fari ne, a jikin jirgi mai ruwan toka kuwa yana haske kamar alli, saboda haka a shafa masa launin toka kafin a manna, daga bayan katin, da launin da ya ɗan fi na jikin haske, don baki yana shan launi ya yi duhu.

Aradu shi ne jirgi na farko da aka ƙera a tsarin MEKO, inda makamai da na'urori ke zuwa a akwatunansu a saka su a gurabun da aka tanada. Mai gini ya yi koyi da haka: ya gama kowane makami daban, ya ajiye a akwatin ashana, sai a ƙarshe ya ɗora. A yadda aka ƙera shi akwai babbar igwa ta OTO Melara mai milimita 127 a gaba, da tagwayen igwa masu milimita 40 guda huɗu, da akwatunan Otomat takwas, da akwatin harba makamin kakkaɓo jirgin sama na Aspide mai gurbi takwas, sai ɗaki da filin jirgi mai saukar ungulu a baya, wanda aka tanada don samfurin Lynx. Bututun babbar igwar tsawonsa ninki 54 ne na faɗin raminsa, kusan mita 6.9, wato santimita 3.4 a tebur, wani ɓangare kuma yana ɓoye cikin rumfarta. A naɗe takarda mai giram 80 a jikin allura, a yanka ta da ɗan karkata yadda gindi zai fi baki kauri, a zare allurar, a ɗiga sufa gulu ya sandare. Ƙananan igwa kuwa silin wayar lantarki ya fi takarda. Ƙwallon rada da ke saman jirgi yana ba da wuya da takarda, ƙwayar carbi ko dutsen ado mai girman da zane ya nuna, in an goge an shafa fenti, ya wadatar.

Shingen gefe shi ke sa jirgi ya yi kama da na gaske. A kafa ƙananan ƙusoshi a katako, a ja zare layi uku a tsawo cikin faɗin milimita 5, a gicciya wasu kowane milimita 7 ko 8, a shafa sufa gulu, in ya bushe a yanka da sabuwar reza. Zaren ya zama na roba. Sufa gulu in ya haɗu da auduga zafi yake yi, har yakan ƙona fata, kuma tururinsa yana shiga ido, don haka a yi wannan a inda iska ke wucewa, yara kuma kada a bar su da shi su kaɗai. Haka reza: a yanka kwali da ja uku ko huɗu marasa ƙarfi, yatsu a bayan bakin rula. Reza mai dakushi ita ta fi yanka mutum, don ita ake dannawa.

A ɗora sassa daga tsakiya zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, sandunan rada da shinge su zo ƙarshe, in ba haka ba hannu zai karya su yana neman isa ciki. In an gama a fesa banish mara sheƙi sau biyu, sama-sama, daga nisan kamar santimita 30, bayan an gwada a ragowar shafi an ga tawada ba ta zuba ba. Sai a yi masa akwatin gilashi. Ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin shinge ba ta fita, kyankyaso yana cin gam da kati, rana kuma tana kashe launin tawada, don haka kada a ajiye shi a bakin taga.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ware shafi ɗaya lokacin dogon hutun makarantu ta buga zanen sassan ƙaramin jirgi, ko da kwale-kwalen sintiri ne mai haƙarƙari shida, yara su manna a kwali su yanka, malaman lissafi da na zane su kuma su samu abin koyar da ma'auni da shi. In za a yi, don Allah a sa layin santimita 10 a gefen shafin, a kuma gaya wa mai tsara shafi kada ya rage hoton don ya sami wurin talla.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna